Satar Jakunkuna Goma Sha Biyu

A waya na ga an yi mana sata, kamar kowa. Ina cikin motar haya ranar Laraba da safe, ƙarfe takwas da 'yan mintoci, na buɗe shafinmu don in amsa saƙonnin masu saye, sai ga hoton kantarmu wayam. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Haske mai ruwan zuma ya kwanta a kan farar kanta, inuwar ƙarafan taga ta ratsa ta a karkace. A ƙasa Yaya ya rubuta cewa yanzun nan ya buɗe shago, ya tarar an kwashe sababbin jakunkuna goma sha biyun da muka yi alkawarin fitarwa ranar Asabar. Ya jera alamar tsagaggiyar zuciya har guda uku.

Bai kira ni ba, bai kira Tela ba. Mabiyanmu dubu huɗu ya fara gaya wa.

Mu uku ne da shagon. Yaya, wanda nake bi wa, shi ke da baki kuma shi ke da shafi. Tela ƙawata ce tun ajin farko a jami'a. Lissafi ta karanta, amma hannunta a fata yake, ita ke yanka ita ke ɗinki, har layin namu ya manta tana da wani suna. Ni kuwa ina amsa saƙo, in naɗe kaya, in miƙa wa mai babur. Aiki ne da ba sai na kalli idon kowa ba, shi ya sa nake son shi.

Na iso na tarar da shago cike da mutane. Yaya na tsakiya, waya a kan sanda, yana nuna wa duniya kwaɗon ƙofa da ba a ɓalle ba. A bakin ƙofa Baba mai gadi yana ba da labari karo na ba adadi: jiya da ƙarfe uku ya ga Tela ta fita da buhu, kuma buhun da nauyi. Shi bai ce komai ba fa, in ji shi, abin da ya gani kawai yake faɗa.

Kafin azahar wani ya rubuta a ƙasan hoton cewa mu binciki mai ɗinkinmu. Kafin yamma irin wannan sharhin ya wuce ɗari. Wata ta tono hoton Tela daga wani tsohon bidiyonmu ta zagaye fuskarta da jan layi. Mai sayar da katin waya, wanda kullum yake tsokanarta, ya ga tana zuwa ya sunkuyar da kai. Har mahaifiyarta, wadda ba ta iya tashi daga keken guragu, labarin ya kai mata ta bakin maƙwabta.

Na roƙi Yaya ya goge sharhin. Ya ce in aka goge sharhi shafi yakan yi sanyi. Na ce to a kai ƙara. Ya ce a ɗan jira tukuna, kada a ɓata bincike. Wane bincike, bai faɗa ba.

Da za mu rufe, Tela ta tsaya tana naɗe igiyar awo a yatsunta.

"Zuwa Asabar," ta ce da ni. "In sunana bai fita daga maganar nan ba, zan kwashe almakashina da allurai, kuma ƙafata ba za ta sake taka layin nan ba. Ba fushi nake da ke ba. Ba zan iya ba ne."

A hanyar gida na kira Kawu.

*

Kawu ƙanin Mama ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gandun daji yana bin sawun masu farautar sata da masu saran itace, yanzu ya yi ritaya yana faɗa da tsuntsaye a kan tumatirinsa. Wayarsa mai maɓalli ce, an ɗaure bayanta da roba. Ya iso ranar Alhamis da hantsi, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, ya tambayi mutum nawa suka shigo jiya. Yaya ya ce sun fi sittin, da wata murya kamar yana jiran a yaba masa.

"Garken shanu ya fi ku tausayin sawu," in ji Kawu.

Yaya yana da nasa bayanin a shirye. Wata biyu da suka wuce mun yi bidiyon yadda muke fara aiki da safe, a ciki an nuno shi yana ɗaga tukunyar fulawa ta bakin ƙofa yana ɗauko makullin ko-ta-kwana. Mutum dubu arba'in suka kalla. Ke nan, in ji shi, ɓarawon yana cikin dubu arba'in ɗin nan. Kawu ya dube shi ya daɗe, sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne mun nuna wa duniya maɓoyar makullinmu da kanmu. Na ce gaskiya ne. Ya ce kuma duk mun yi jami'a. Na ce mun yi.

Ya durƙusa gaban tukunyar, bai taɓa ta ba. Ya nuna mini saƙar gizo-gizo da ta haɗa gindinta da bango, tsohuwa, har ƙura ta hau ta. Ya nuna mini hanyar tururuwa da ta bi gefen gindin ba tare da ta yanke ba. Sai bayan nan ya ɗaga tukunyar. Makullin yana nan, ya yi tsatsa, ya bar zanensa a siminti.

"Dubu arba'in ɗinka sun fita," ya ce da Yaya. "Makulli nawa ya rage?"

Uku ne: nawa, na Yaya, na Tela. Baba mai gadi yana tsaye yana ji, kuma na san kafin a jima layi duka zai ji.

A ciki Kawu ya sa idonsa daidai da kantar, ya ce ba jan jakunkunan aka yi ba, ɗaya-ɗaya aka ɗaga su. Ya tambayi me ke cikin akwatin da ke ƙasa. Na ce rigunan yadi ne da muke sa wa kowace jaka don ƙura. Na buɗe, na ƙirga. Goma sha biyu babu.

"Ɓarawon nan yana tausayin kayan," ya ce. "Ya tsaya ya sa wa kowace riga."

Yaya ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi dai ba ya son zargin kowa. Na ji kamar in jefe shi da akwatin.

*

Kawu ba ya tambaya kamar ɗan sanda. Zama yake kusa da mutum, ya yi maganar zafi da tsadar taki, sannan ya jefa tambayar kamar ya tuna da ita ne kawai. Ni ina bayansa, ba na cewa komai, wanda shi ne abin da na fi iyawa.

Baba mai gadi ya rantse cewa ba ya barin bencinsa daga safe har dare. Kawu ya ce madalla, sai dai ya ga wata tabarma a bayan katanga, ƙarƙashin bishiya, ƙasa ta lotsa daidai tsayin mutum. Baba ya yi tari. Ya ce wani lokaci yakan ɗan miƙe bayansa daga huɗu zuwa biyar, domin a iya saninsa ba a cika yin sata a wannan lokacin ba.

Mai babur ya ji haushi tun kafin a tambaye shi. Ya buɗe akwatin bayan babur ɗinsa ya ce a gwada a gani ko jaka biyar za ta shiga, balle goma sha biyu. Ranar Talata ƙarfe huɗu ya zo, ya ɗauke ni da saƙo uku saboda adireshin ɗaya ya rikice. Jakunkunan suna kan kanta a lokacin, kuma ba zai manta ba, don ya kai hannu zai shafa jar jakar nan Yaya ya daka masa tsawa wai hannunsa da baƙin mai.

Matar tsallake, mai shagon da ke fuskantar namu, tana sayar da jakunkunan ƙasar waje, kuma tun jiya Yaya yake ta rubuta habaici a kan masu hassada na kusa. Ba ta ma bari Kawu ya zauna ba. Ta ce ko kyauta aka ba ta ɗinkin hannu ba za ta jera shi kusa da kayanta ba. Abin da ya dame ta shi ne mutane suna shigo mata su ɗauki hotonta a sace, su tambayi ko ita ce, su fita ba su sayi ko maɗaurin gashi ba. Da muka fito Kawu ya ce wannan ba ta iya ɓoye ko atishawa.

Muna dawowa muka tarar da Tela ta iso da buhun. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta kwance bakinsa ta zazzage shi a gaban Baba mai gadi: guntayen fata ne, ragowar yanka, waɗanda ko sabulu ba za a naɗe da su ba. Tana haɗa su ne tana yi wa mahaifiyarta matashin zama, don keken yana cin bayanta. Ranar Talata ta tafi da ƙarfe uku ne saboda ganin likita. Baba ya tsuguna ya tona da yatsa, sannan ya ce ai wannan na sama ne, wa ya san abin da ke ƙasa a ranar?

Tela ta dube ni. Na buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Wannan halin nawa ban taɓa tsanarsa kamar ranar ba.

*

Ƙofar baya tana buɗewa cikin wani lungu mai yashi da ba a cika bi ba. A nan ne kawai fuskar Kawu ta saki. Ya hana ni saukowa daga dakali, ya bi gefen bango a hankali, hannuwansa a baya.

Ya ce mutum ɗaya ne, sawu huɗu ya yi. Zuwa da kaya, dawowa fayau. A bakin titi mota ta jira shi. Takalmin roba ne irin na samari, wanda rabin layin nan ke sawa, saboda haka takalmin ba shaida ba ne. Abin da ya ba shi mamaki shi ne mutumin ba ya sauri. A wuri guda ma ya tsaya ya daɗe, ƙafafunsa a haɗe, nauyinsa a kan diddige.

"Na bi masu gudu, na bi masu rarrafe," ya ce. "Ban taɓa bin ɓarawon da ya tsaya tsakiyar aiki kamar yana karanta wasiƙa ba."

Muka koma ciki. Wasu 'yan mata biyu suna leƙe ta ƙofa, suna duba waya suna duba kanta. Kawu ya tambaye ni wai me mutanen nan suke kallo ne haka tun safe. Sai a lokacin na tuna cewa shi kaɗai ne a garin nan bai ga hoton ba. Na buɗe na miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Ya dubi kanta, ya dubi taga, ya sake duban hoton.

"Yaushe ya ce ya ɗauka?"

"Jiya da safe, Kawu. Takwas saura."

"Taga nawa gare ku?"

"Ɗaya."

"Ina take kallo?"

Na dubi kantar a yadda take a lokacin, cikin duhu-duhu, fitilar rufi tana ba ta wani haske kamar na ɗakin jira a asibiti. Shekara biyu ina aiki a ɗakin nan. Na zauna a kan akwatin rigunan jaka.

Kawu ya mayar mini da wayar. Ya ce in gaya wa kowa ya zo ƙarfe huɗu da kwata, har da matar tsallake, kuma kada in yi wa kowa bayani. Ya ce wannan bai yi tsammanin zai yi mini wuya ba.

*

Suka zo. Matar tsallake ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon shagonta. Mai babur bai cire hular kwano ba. Baba mai gadi ya zo yana hamma, an katse masa lokacin da ba a cika sata ba. Tela ta zauna a kujerarta, jakar kayan aikinta a cinya, a ɗaure. Yaya ya fara kafa sandar waya, Kawu ya ce in bai sauke ta ba zai yi dashen tumatir da ita.

Matar tsallake ta tambayi me ake jira. Kawu ya ce baƙo, kuma ba ya makara.

Huɗu da rabi saura kaɗan rana ta sauko daidai tagar. Hasken ya fara daga ƙasan bango, ya hau a hankali, ya kwanta a kan kanta. Inuwar ƙarafan ta ratsa ta a karkace. Kawu ya ce in ɗaga wayar kusa da kantar kowa ya gani. Na ɗaga, ba sai an yi bayani ba. Kamar an ɗauki hoton ne a wannan minti.

Kawu ya ce tagar nan yamma take kallo, kuma tun da aka gina ɗakin rana ba ta taɓa shigowa da safe ba. Wanda ya ɗauki hoton nan ya ɗauke shi ne da huɗu da rabi, kantar tana wayam. Ranar Talata Tela ta tafi da ƙarfe uku. Ni da mai babur mun tafi da huɗu, jakunkuna suna nan. Mai gadi yana bayan katanga.

"Saura wa, ɗan nan?"

Yaya ya yi dariya. Ya ce ai tsohon hoto ne, na kwanaki, da ya shigo a ruɗe sai ya ɗauko shi daga waya don ya fi fitowa. Ya ce kowa a harkar nan yana yin haka. Baba mai gadi har ya fara gyaɗa kai.

"Ranar Lahadi da daddare muka yi wa kantar farin fenti," na ce.

Kowa ya juyo. Ina jin rabinsu ba su taɓa jin muryata ba.

"Kafin nan ruwan ƙasa ce. Litinin da safe muka jera jakunkunan, kuma da huɗu da rabi mu ukun muna nan tare da su. Babu wata rana da kantar nan take fara, take wayam, sai Talata." Na juya na dubi Yaya. "Kuma kai ne ka kafa mana doka, Yaya, cewa ba a ɗaukar hoto a shagon nan kafin la'asar. Ko na satar ma ka kasa ɗauka cikin mummunan haske."

Mai babur ya cire hular kwano ya rungume ta a ƙirji yana dariya marar sauti.

Yaya bai ƙara musu ba. Jakunkunan suna gidan abokinsa, kowace da rigarta, ba abin da ya same su. Shirinsa shi ne gobe Juma'a a gano su a wani kango, a yi bidiyo, Asabar kuma a sayar. Da ya ga ba wanda ya zage shi, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce mu duba lamba: daga dubu huɗu mun kai dubu talatin da ɗaya cikin kwana biyu. Shekara biyu muna sa hotuna masu kyau ba mai kallo. Mutane ba jaka suke so ba, labari suke so. Don mu ya yi, don mu uku. Maganar Tela kuwa ba shi ya fara ta ba, kuma da an gano kayan gobe ai kowa zai manta.

Kawu ya tambaye shi me ya tsaya yi a tsakiyar lungu. Ya ce hoton yake gyarawa.

Tela ba ta ɗaga murya ba.

"Jiya Mamata ta tambaye ni ko wani abu ya matsa mini ne ban gaya mata ba," ta ce. "Ba ta ce na ɗauka ba. Tambaya ta yi. Kai kana zaune a nan kana ganin suna zagaye fuskata, kana ƙirga mabiya."

Yaya ya ce zai gyara, yanzun nan, zai yi bidiyon ban haƙuri, irin wannan ma yana tafiya sosai. Matar tsallake ta yi tsaki mai tsawo, irin wanda ni ma ya daɗe a bakina.

Tela ta ce bidiyo zai yi, amma ba shi zai tsara ba, kuma ba yau ba. Yau abu ɗaya take so. Layin nan shago goma sha tara ne. Ya shiga kowanne da ƙafarsa, ya tsaya gaban mai shi, ya ce shi ya kwashe jakunkunan kuma ya bari aka zarge ta. Bayan nan ya je gidansu ya faɗa wa mahaifiyarta. Ta miƙa hannu. Ya daɗe yana kallon hannun kafin ya gane wayarsa take nufi. Ta jefa ta cikin aljihun teburin ɗinki ta tura da gwiwa.

Baba mai gadi ya ce shi dama tun farko jikinsa ya ba shi yarinyar nan ba za ta aikata ba. Kawu ya ce to ya tashi ya raka Yaya, tunda ya san hanyar kowane shago.

Matar tsallake ta ce a fara da nata, kuma ya yi da ƙarfi.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu. Yaya ya fito daga shagon farko fuskarsa kamar an wanke ta da toka, ya shiga na mai katin waya. A bayana Tela tana zaune, jakar kayan aikin har yanzu a ɗaure a cinyarta. Ban juya ba, na dai tambaye ta ko in karɓi sababbin oda na Asabar.

"Shago nawa ya yi?" ta ce.

"Biyu."

"Ki tambaye ni in ya yi sha tara."